Riga Mai Lamba Tara

An busa usur na ƙarshe, kaka ta watse.
Na wanke riguna goma sha takwas,
na shanya su a igiyar bayan shagona a Mabera.
Mai lamba tara ta riga saura bushewa,
kamar ta ji labarin mai ita ya tafi.

Zayyanu ke nan.
Wani mutum ya zo daga Kaduna da mota mai sanyi,
ya zauna bakin fili ranar da muka ci biyu da nema,
bai tafa ba, bai yi sowa ba, rubutu kawai yake.
Ƙwallo sha bakwai muka zura a raga bana,
sha ɗaya daga ƙafar hagun yaron nan suka fito.
Na raka shi tasha, na yi masa addu'a har zuciya,
na dawo ina ƙirga shida da yatsu.

Malami mai tsaron gida ya jingina safar hannunsa,
gwiwa ta ƙi, mai ɗori ya ce sai bayan Salla.
Lawali ya koma Goronyo, shinkafa ba ta jiran kofi.
Tagwayen baya, ɗaya na kabu-kabu a Ikko,
ɗayan kuwa ba ya tsalle in babu ɗan'uwansa.

Filin ma hutu yake.
Ruwan jiya ya kwanta daidai da'irar tsakiya,
awakin Inna Ige na kiwo a gidan fanareti,
wani kuma ya sauke bulo a kusurwar gabas,
ba wanda ya san ko na wane ne.
Mai ɗaukar nauyinmu albasa yake sayarwa.
Bana ta ruɓe masa a rumbu tun kafin kasuwa ta waiwayo,
in na kira shi, sai wayar ta yi ta kuka ita kaɗai.

Da la'asar sakaliya Koci Jaɓɓi kan zo,
ya ture ƙyallaye, ya zauna kan teburin yanka,
ya ɗauki allina na ɗinki
ya zana mutum sha ɗaya a kan yadin wani.
Huɗu daga cikinsu da'ira ce babu suna.
Na ce masa, na uku muka ƙare da Zayyanu,
ina za mu ƙare babu shi?
Ya kurɓi shayi, ya ce, mi kaka tsoro, tela?
Tsohuwar riga kake juyawa ta koma sabuwa.

Shekaranjiya ya shigo da wani yaro, Nafi'u,
siriri kamar karan dawa, shekara sha shida,
takalminsa na dama an ɗaure da zaren buhu.
Wanga, in ji Jaɓɓi, a ba shi hura da lokaci.
Na gan shi a filin makaranta da asuba:
sau biyar ya buga, uku suka tafi gidan maƙwabta,
ɗaya ta daki turke,
ɗayar kuwa, har yanzu ban san ta inda ta bi ba.

Ba zan yi wa kowa alkawarin kofi ba.
In mun tsira a tsakiyar teburi, na gode Allah,
in bulon nan bai zama katanga ba,
in gwiwar Malami ta yafe masa.

Daren jiya na sauke lamba tara daga igiya,
na auna kafaɗar yaron, ta yi masa yawa da taƙi guda.
Na ɗauki almakashi, na ajiye.
Sai na naɗe yadin ta ciki, na bi shi da dogon ɗinki,
irin wanda ake farkewa da farce
ranar da ƙirji ya cika riga.